Hotuna Biyu Da Na Ɗauki Kakana

Shekarun baya, tun ina saurayi da sauran gashi a kaina, na yi koyon ɗaukar hoto a Tambuwal wurin wani Bayerabe da ya daɗe a garin har Sakkwatancinsa ya fi nawa. Shagonsa ɗaki biyu ne a bakin hanyar mota. Na gaba akwai labule da aka zana wa jirgin sama da furanni, nan mutane ke tsayawa a ɗauke su. Na baya shi ne ɗakin duhu inda muke wanke fim. Shekara biyu na yi ina haɗa ruwan wanki, ina shanya hotuna a igiya, ina gyara wa mutane zaman hula, kafin ya fara barina in taɓa kyamara.

A lokacin ne ya samo wata kyamara ta hannu, irin wadda ake kwance gilashin gabanta a ɗaura wani. Ku yanzu lens kuke cewa, mu gilashi kawai muke kiransa. Da guda biyu ta zo. Ɗaya gajere ne mai faɗin gani: in ka tsaya bakin kasuwa zai kwaso maka rumfuna da sararin sama da kukar da ke can gefe, duk a hoto guda. Ɗayan dogo ne, mai jawo abu kusa. Ba ya cin fili da yawa, amma yana fito da fuskar mutum yadda Allah ya yi ta, abin da ke bayansa kuma ya yi laushi kamar an shafe shi da hannu.

Da damina ta zo ƙarshe, mahaifiyata ta ce in je ƙauyensu, can wajen Fakku a ƙasar Kebbe, in kai wa kakana gwado da goro da man shafawa, don ta sami labarin ƙafafunsa sun matsa masa. Ita ba ta da halin zuwa, ƙanwata na gab da haihuwa a ɗakinta. Ni kuwa da jin Kebbe, ba kakana ne ya fara faɗo mini a rai ba. Fadama na tuna, da gulbi cike, da gero tsaye ya fi mutum tsawo. Na je na roƙi maigidana aron sabuwar kyamara.

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ɗauka. Amma gilashi guda za ka tafi da shi. In mota ta faɗa gulbi da kai, in yi asarar guda, ba biyu ba."

Na miƙa hannu na ɗauki gajeren.

"Gida za ka," in ji shi. "Wurin mutane. Duk wanda yag gane ka da kyamara cewa za shi yi ka ɗauke shi. Wanga gajere, in ka matsa kusa da mutum, hanci shika kumburawa, kunnuwa su gudu baya. Ɗauki dogon."

Na ce masa ai bai san kakana ba. Tsohon ba ya yarda da hoto, bai taɓa tsayawa an ɗauke shi ba, kuma a gidansa ba wanda ya isa ya tsaya. Daji zan ɗauka da gonaki. Gaskiyar magana, a lokacin mafarkina in ga hoton da na ɗauka a jikin kalanda, rataye a ofis, da sunana a ƙasa. Har na zaɓi irin rubutun da za a yi sunan da shi. Maigidana ya ɗaga kafaɗa, ya mai da dogon cikin akwatinsa ya rufe.

Mota ta kai ni Kebbe, daga nan wani ɗan'uwanmu ya goya ni a keke har ƙauyen. Na tarar da kakana a zaure yana tufkar igiyar rama, aikin da ya rage masa ke nan tun da noma ya fi ƙarfinsa. Dogon mutum ne siriri, ba mai yawan magana ba, dariyarsa kuwa sai a shekara ba a ji ta ba. Ni kaɗai yake ɗan yi wa wasa irin na kaka da jika. Da ya ga jakar da ke wuyana ya tambayi abin da ke ciki, na faɗa masa.

"Akwatin Nasara kaz zo muna da shi," ya ce. "To shi zauna cikin jaka. In ka fita ƙofar gida, kai da shi."

Kwana uku na yi ina yawo. Na ɗauki fadama da shinkafa ta fara sunkuyar da kai. Na ɗauki shanun Fulani suna ƙetare gulbi, ruwa har wuya, makiyayin ya ɗora sanda da butarsa a ka. Na hau tudu na ɗauki ƙauyen gaba ɗaya, da rumbuna da hayaƙin girki. Gilashin nan ya yi mini duk abin da nake so, har ina yaba wa kaina da na ƙi jin maganar maigidana. Fim guda na zo da shi, kuma da yammacin kwana na uku saura ɗauka biyu a cikinsa. Na bar su ne don in ɗauki kasuwar Kebbe a hanyar komawa.

Ranar da zan tafi, bayan an karya kumallo, kakana ya jawo sandarsa ya ce in raka shi gona. Ya ƙara da cewa, "Taho da akwatin." Na ɗauka ban ji daidai ba, sai da ya maimaita.

Gonar ba ta da nisa, amma mun daɗe kafin mu kai, don sai ya yi taku kaɗan ya tsaya ya huta. Akwai wata ɗorawa a tsakiyarta, ya zauna a kan saiwarta, ni na tsuguna gefe. Can ya fara magana, ba ni yake kallo ba, geron yake kallo.

Ya ce shi an haife shi tun Turawa ba su zo ba, lokacin ba a san wani mai iko ba sai Sarkin Musulmi. Yana yaro ƙarami, bai fi a aike shi kai wa manoma fura ba, labari ya iso cewa Nasara sun shiga Sakkwato, mutane kuma suna ta barin gidajensu suna yin gabas. Mahaifinsa na cikin waɗanda suka ce ba za su zauna ba. Da damina ta yi nisa, ya ce wa iyalinsa zai je ya ga wuri, ya dawo ya kwashe su.

"Nan yab bi," in ji kakana, ya nuna wata 'yar hanya da sandarsa. "Ina tsaye inda kaka tsugune. Ina tuna rigatai, baƙa ta, da gora a kafaɗa. Ina tuna bayanai shina tafiya har gero yar rufe shi. Ba mu ƙara jin ko labarinai ba. To, shekarun ga da nika kwance ba ni barci sosai, na yi na yi in tuna fuskatai, ta ƙi zowa. Ko kaɗan. Uban da yah haife ni."

Ya gyara zaman hularsa da hannu biyu, ya shafa gemunsa.

"Ɗauke ni, ka kai ma uwarka."

Na kalli gajeren gilashin nan da ke gaban kyamara, na tuna dogon yana kwance cikin akwati a Tambuwal. Ba yadda zan yi. Na ɗaga kyamarar, na ga tsohon ya zama ɗan mitsitsi a tsakiyar gona. Na matsa. Na ƙara matsawa. Sai da na kusa taɓa gwiwarsa kafin fuskarsa ta cika idon kyamarar, kuma tun a nan na ga abin da maigidana ya faɗa: hancin ya taso gaba, goshin ya yi faɗi, kunnuwan sun ja baya.

"Kai," ya ce, "hoto kaka ɗauka, ko ƙwarƙwata kaka biɗa cikin gemuna?"

Maganar tasa ta ba shi dariya shi da kansa. Ya buɗe baki ya yi dariya sosai, har kafaɗunsa na rawa, ni kuma yatsana ya danna. Ɗaya ke nan.

Na biyun na ce ya miƙe tsaye, na ja da baya can nesa, inda na san gilashin ba zai ɓata masa siffa ba. Na ɗauko shi da ɗorawar da gonar da gajimare a sama. Da muka kamo hanyar gida na ce masa wannan gwaji ne kawai, bayan an yi girbi zan dawo da gilashin da ya dace da fuska, in yi masa hoto na sosai. Ya ce, "To, Allah shi kai mu."

Washegarin komawata na wanke fim ɗin. Hotunan daji sun yi kyau fiye da yadda na zata. Na shanun nan har maigidana ya riƙe shi ya daɗe yana dubawa. Na kakana na nesa shi ma ya fita tsaf, sai dai mutumin da ke cikinsa bai fi tsawon ɗan yatsa ba, fuskar kuwa ɗigo ce ƙarƙashin hula. Sai na kusa. Ina ciro shi daga ruwa abokina ya leƙo, wani tela da ke shagon da ke jikin namu. Ya karɓa ya duba, ya fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Wanga kakanka na, ko raƙumi na anka sa ma hula?"

Maigidana bai yi dariya ba. Ya duba hoton, ya dube ni, ya ce, "Na faɗa maka. Amma aje shi." Ya fita sallar azahar.

Ban ajiye ba. Kunya ce ta kama ni, da haushin dariyar abokina, da haushin an faɗa mini na ƙi ji. Na ce a raina ni da nake shirin zama mai hoton kalanda ba zan kai wa mahaifiyata wannan abin dariya a matsayin ubanta ba. Na yayyaga hoton. Ban tsaya nan ba, na ɗauki almakashi na yanke gurbinsa daga jikin fim ɗin, don kada wani ya sake wanke shi wata rana a yi mini dariya. Na jefa cikin kwandon shara. Da yamma ni da kaina na kai sharar bayan shago na sa mata wuta, kamar yadda nake yi kullum.

A gida na ba mahaifiyata labarin tafiya, na miƙa mata na nesan. Da ta ji cewa kakana ne ya nemi a ɗauke shi, sai ta ajiye muciyar da ke hannunta ta zauna a kan turmi.

"Shi yac ce? Da bakinai?"

Na ce da bakinsa, kuma ya ce in kawo mata. Ta kai hoton kusa da idonta, ta nisanta shi, ta fita da shi tsakar gida inda haske ya fi.

"Ga gonar nan, na gane ta. Ga ɗorawa. To shi, ba ka matsa kusa ba?"

Na ce na matsa, na ɗauki wani na kusa, amma fim ɗin ya ƙone a wajen. Ƙaryar ta fito mini da sauƙi. Na ce kada ta damu, bayan girbi zan koma da gilashi mai kyau. Ta ce to, in yi ƙoƙari in koma da wuri.

Girbi ya zo ya wuce. Aiki ya yi mana yawa a shago, ga bukukuwan kaka, ga masu neman ƙananan hotuna na takardu. Duk mako sai in ce mako mai zuwa. Sau biyu mahaifiyata tana tuna mini, sau biyu ina cewa ai ina sane. Har na sanya ranar tafiya, maigidana ya yarda zai ba ni dogon gilashin.

Saura kwana huɗu, ranar kasuwar Tambuwal, ɗan'uwan nan namu mai keke ya yi sallama a ƙofar shago. Tun daga yadda ya ƙi zama na gane. Zazzaɓi ne na kwana biyu. An yi jana'iza tun shekaranjiya.

Mun je gaisuwa ni da mahaifiyata, muka yi kwana bakwai. Ko sau ɗaya ba ta yi mini maganar hoto ba. Da muka dawo na shiga ɗakin duhu da fim ɗin na nesa, na ce sai na fito da fuskar nan. Na ƙara mata girma, ta zama dishi-dishi. Na ƙara, ta watse ta zama ɗige-ɗige kamar an zuba tsaki a faranti. Kwana uku ina ɓata takarda. A na ukun maigidana ya shigo ya tsaya a bayana, ya kashe fitilar injin ƙara girman hoton, ya ce, "Bari haka nan. Babu ta a ciki." Bai tambaye ni ina na kusan yake ba. Ina jin ya riga ya duba fim ɗin ya ga gurbin da aka yanke. Na fita bayan shago na tona tokar sharar da tsinke, alhali na san wata biyu ke nan ana ƙona wata a kanta.

Mahaifiyata ta sa na yi wa na nesan firam, ta rataye shi a ɗakinta. In baƙi sun zo takan nuna musu ta ce, "Ga babana can, gindin ɗorawa." Su kuma su matsa su ƙura ido, su ce Allah ya jiƙansa.

Na riƙe ƙaryar nan shekaru masu yawa. Na buɗe shagona, na yi aure, na haifi 'ya'ya, har na aurar da ta farin. Mahaifiyata ta tsufa ta dawo gidana da zama. Wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na same ta a inuwa tana ɓarar gyaɗa, na zauna ina taya ta. Ba wani abu ne ya jawo maganar ba. Kawai na ji na gaji da ɗaukarta. Na ce, "Inna, hoton Baba na kusa, ba ƙonewa ya yi ba. Ya fita. Ni na yaga shi." Na faɗa mata komai, da hancin, da dariyar tela, da almakashin.

Ba ta daina ɓarar gyaɗar ba sai da na kai ƙarshe. Sannan ta kakkaɓe zanenta.

"Ko da hancin na, da ka bar min."

Na sunkuyar da kai.

"Kai ba ka sani ba," ta ce. "Ni ɗiyar fari ta. Tun da nit tashi ban taɓa tsayawa na dubi fuskatai ba, shi ma bai taɓa kiran sunana ba. In shina magana, ƙasa nika kallo. Ƙafafunai na sani, da muryatai. Da kac ce ya aiko min da hoto, cewa niy yi yau dai in shiga ɗaki in rufe ƙofa, in dube shi son raina."

Na ce, "Ki gafarce ni, Inna." Ta ce ta yafe, ai ƙuruciya ce. Can sai ta ture faifan gyaɗar gefe, ta jingina da bango, ta rufe ido.

"To faɗa min yadda shike ciki."

Na fara ba ta. Na ce hularsa ta ɗan karkace hagu. Na ce gemunsa fari ne fat amma ba shi da cika, ana hango haɓarsa. Na ce akwai wani ɗan tabo a kan girarsa ta dama. Na ce dariya yake yi, idanunsa sun kusa rufewa.

Ta buɗe ido. "Dariya? Baba?"

Na ce dariya sosai, baki buɗe.

"Haƙora nawa sunka rage mai?"

Na ce huɗu na gani, biyu sama biyu ƙasa.

"Fuɗu," ta ce. Ta yi 'yar dariya, ta maimaita, "Fuɗu." Daga nan ta ja gefen mayafinta ta rufe fuska, ni kuma na tashi na ba ta wuri.

Yau ita ma shekararta tara da rasuwa. Da yawa daga cikinku masu tasowa a sana'ar nan kukan aiko mini da tambaya, wane gilashi za ku fara saya, mai faɗi ko dogo. Amsar sana'a ba ta da wuya: in fili za ka ɗauka, mai faɗi, in fuska ce, dogo, in kuma guda ɗaya za ka iya riƙewa, ka tsaya ka tuna wa za ka tarar a inda za ka, don gona tana nan baɗi. Amma ni na daɗe da daina ɗora wa gilashin nan laifi. Ya yi iyakar abin da zai iya, ya kamo mini tsoho yana dariya. Ni ne na ga hoton bai kai darajar aikina ba.

Shi ya sa in na ga jikokina sun ɗauki hoto a waya, sun duba, sun ce bai yi kyau ba za su goge, nakan ce su bari. Sukan yi mini dariya, su ce Kaka ai baki ya karkace, ai ido a rufe yake. Nakan ce na gani, ku dai bar shi. Ba na yi musu dogon bayani, don in na fara muryata ba ta kai ni ƙarshe.